Ɓarnar wani a wuyanka: yadda na yi wa kamfani inshorar laifin ma'aikata da 'yan kwangila

Mukan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a harkar kasuwanci doka ba ta tsaya nan ba. Idan ma'aikacinka ya yi ɓarna a bakin aiki, wanda aka cuta yana da damar ya tsallake ma'aikacin ya kamo ka, ko da ba ka wurin, ko da ka hana abin da bakinka, ko da ka koya masa aikin yadda ya kamata. Hujjar masu shari'a ita ce kai ka tura shi, kai ke cin ribar aikin, kuma kai ne mai halin biya ko yin inshora. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kamfanin da na yi wa wannan aiki yana gyara da kula da gine-gine: famfo, lantarki, na'urorin sanyaya ɗaki, shara da goge-goge. Yana da ma'aikata na dindindin 22, da 'yan aikin yini da yawansu ke hawa da sauka tsakanin 5 da 15, da ƙananan 'yan kwangila 4, da motoci 3. Abin da na gano a kan hanya shi ne doka ta shata iyakar mutanen da laifinsu zai hau kanka, takardar inshora ma ta shata iyakar waɗanda za ta biya wa, kuma iyakokin nan biyu ba sa dacewa da juna sai an zauna an daidaita su. Duk abin da ya faɗa tsakaninsu, daga aljihun kamfani zai fita.

Kafin in ga kowane dillali, na rubuta duk wanda ke taɓa aiki da sunan kamfanin, har da waɗanda ba sa cikin littafin albashi. A gaban kowane rukuni na amsa tambayoyi shida. Wa ke biyansa? Wa ke gaya masa abin da zai yi da yadda zai yi shi? Kayan aikin wa yake riƙewa? Rigar wa yake sawa a gaban abokin ciniki? Yana da ikon turo wani a madadinsa? Mu kaɗai yake yi wa aiki ko yana da wasu iyayen gida? Na zaci rukuni uku za su fito, sai ga takwas. Bayan na dindindin da 'yan yini da 'yan kwangila, ga yara masu koyon sana'a, ga ma'aikatan da wani kamfani ke ara mana idan aiki ya yi yawa, ga direban da ke zuwa tare da motar ɗaga kaya in mun yi haya, ga masu gadin ɗakin ajiya waɗanda na wani kamfani ne, ga kuma ma'aikacinmu guda da ke zaune a ginin wani abokin ciniki yana karɓar umarni daga manajan can.

Tambayoyin nan shida irin waɗanda alƙali zai yi ne, shi ya sa na fara da su. Sunan da ka raɗa wa mutum a takardar kwangila ba ya ɗaure kotu. Yadda ake aikin a zahiri take dubawa. A 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ɗora wa ma'aikatar shari'a alhakin wani fursuna da ke aiki a kicin na gidan yari, wanda ya saki buhu a bayan shugabar kicin ɗin. Fursuna ba ma'aikaci ba ne, amma aikinsa ɓangare ne na tafiyar da gidan, kuma a ƙarƙashin umarninsu yake. A 2020 kotun dai ta wanke bankin Barclays daga laifin wani likita da ke duba masu neman aiki a bankin, domin likitan yana da sana'arsa mai zaman kanta da marasa lafiyarsa, bankin ɗaya ne kawai cikin masu kawo masa aiki. Da na auna jerinmu da wannan ma'auni, 'yan yini da masu koyon sana'a da ma'aikatan aro duk suka faɗo ɓangarenmu.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: a bakin aiki aka yi ɓarnar? Tun 1834 kotunan Ingila suka bambanta direban da ya ɗan ratse a kan hanyar aike da wanda ya bar aiken ɗungurungum ya tafi harkar gabansa. Hani kuwa ba ya ceton ubangida. A 1862 wani kamfanin karusan fasinja na Landan ya biya diyya saboda direbansa ya tare wa karusar abokan hamayya hanya har ta kife, alhali an hana direbobin hakan a rubuce. A 1942 direban tankar mai ya ƙyasta ashana don kunna taba yana cikin juye fetur, ya jefar da ita, wuta ta tashi. Aka ce tabar tasa ce, amma juye man aikin ubangidansa ne, kuma a cikin aikin ya yi sakacin. Ko duka da gangan yana iya shiga. A 2016 aka ɗora wa kamfanin kantunan Morrisons na Birtaniya alhakin wani mai sayarwa a gidan mansa da ya bi abokin ciniki har mota ya doke shi, domin kula da abokan ciniki shi ne aikin da aka ba shi. Amma a 2020 aka wanke kamfanin daga laifin wani mai binciken kuɗinsa da ya watsa bayanan albashin ma'aikata kusan 100,000 a intanet, saboda ramuwar gayya yake yi wa kamfanin.

Ƙasashe sun bambanta a nan. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804 ta ɗora wa ubangida alhakin ma'aikacinsa kai tsaye a sashe na 1384, wanda ya koma 1242 a shekarar 2016. Dokar Jamus a sashe na 831 ta bar masa ƙofar fita idan ya nuna ya yi taka-tsantsan wajen zaɓen mutumin da sa masa ido. Don haka awa ɗaya da lauyan da ya san dokar ƙasar da kake aiki ta cancanci kuɗinta, kuma kafin a sayi inshora ya kamata a yi ta.

Daga nan na nemi dillali mai zaman kansa, wanda zai zagaya kamfanoni da dama, domin wakilin kamfani ɗaya abin da ke shagonsu kaɗai zai nuna maka. Ya karanta jerin ya ce, "Ranka ya daɗe, inshora ɗaya ka zo nema, amma abin da ka rubuto na guda biyar ne." Gaskiyarsa. Da wuya ka sami takarda guda da aka rubuta wa inshorar laifin wasu. Kariyar a warwatse take, kowace takarda tana ɗaukar nau'in ɓarna ɗaya.

Ginshiƙin ita ce inshorar alhakin jama'a: rauni ko mutuwar wanda ba ma'aikacinka ba, da lalacewar dukiyar wani. Mai goge ƙasa ya bar ta a jiƙe ba alama, baƙo ya zame ya karye, ita ce. Idan kuma ma'aikaci ne ya jikkata abokin aikinsa, misali ya mayar da wuta alhali wani na riƙe da waya, wannan takardar ta togace shi, sai inshorar alhakin ubangida kan ma'aikatansa, wadda ƙasashe da yawa suka wajabta ko suka maye gurbinta da asusun diyyar ma'aikata na gwamnati. Ta uku ta shawarar ƙwararru ce, ga ranar da injiniyanmu zai lissafa girman na'ura ba daidai ba, abokin ciniki ya yi asarar kuɗi ba tare da wani abu ya fashe ba. Ta huɗu ta rashin amanar ma'aikata ce. A nan sai an lura, domin yadda aka saba rubuta ta, satar da ma'aikaci ya yi wa kamfani take biya. Satar da ya yi a ofishin abokin ciniki sai an ƙara sharaɗi na musamman. Mu da masu shararmu ke shiga ofisoshin mutane da makulli bayan an tashi, wannan ƙarin ya fi mana ainihin takardar amfani.

Ta biyar ta motoci ce, kuma a nan ne na ga giɓin da ya fi ba ni tsoro. Motocin kamfani 3 suna da inshorarsu. Amma masu gyaranmu 7 da ababen hawansu suke zuwa kiran gaggawa, kamfani yana ba su kuɗin mai. Inshorar da mutum ya yi wa motarsa sau da yawa ta zirga-zirgar gida da zuwa ofis ce, ban da yawon aiki. Idan ɗayansu ya buge mutum a hanyar zuwa kira, yana bakin aiki, alhaki ya hau kamfani. Inshorarsa tana iya ƙin biya. Ta motocinmu ba ta san motarsa ba. Ta alhakin jama'a kuma ta togace duk haɗarin mota a kan titi. Muka ƙara sharaɗin motocin haya da waɗanda ba mallakarmu ba, muka kuma sa kowanne ya kawo lasisinsa da shaidar cewa inshorarsa ta yarda da tafiyar aiki, sau ɗaya a shekara.

Fom ɗin neman inshora ya ci mini kwana 6. Yana son jimillar cinikin shekara, da jimillar albashi a rarrabe tsakanin masu aikin hannu da na ofis, da abin da muke biyan 'yan kwangila, da tsayin da muke hawa da zurfin da muke haƙa, da ko muna walda a ginin mutane, da tarihin ƙorafi na shekara 5. Na rubuta har ƙorafe-ƙorafen da muka sasanta da kanmu ba tare da kowa ya ji ba. Tun shari'ar da alƙalin Ingila Lord Mansfield ya yanke a 1766 aka kafa cewa inshora ciniki ne na gaskiya da gaskiya, domin mai neman inshora ne ya san haɗarinsa. A wasu ƙasashe ɓoye abu mai muhimmanci yana rushe takardar gaba ɗaya. Dokar inshora ta Birtaniya ta 2015 ta sassauta wa wanda bai yi da gangan ba: idan da ka faɗi gaskiya za a caje ka 100 amma ka biya 60, to kashi 60 cikin ɗari na diyyar za a biya. Layin da ke bayanin sana'armu na ƙi yarda a rubuta shi a dunƙule. Dillali ya fara sa "shara da kula da gini", na sa ya lissafa famfo, lantarki, walda, aiki a kan rufi da ba da aiki ga 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya, domin aikin da ba a ambata ba shi ne na farko da za a yi musu a kansa.

Tayi uku suka zo. Na ajiye shafin farashi na nemi cikakken rubutun kowace takarda, na fara da shafin ma'anar kalmomi. A mafi araha, "ma'aikaci" yana nufin mai takardar ɗaukar aiki kawai, wato rukuni ɗaya cikin takwas ɗinmu. A ta biyu ma'anar ta haɗa 'yan yini, masu koyon sana'a, ma'aikatan aro, masu aikin sa kai, da ɗan kwangilar da ƙarfinsa kawai yake kawowa yana aiki ƙarƙashin umarninmu. Wannan sakin layi ɗaya ya isa ya raba gardama tsakanin tayin biyu.

Sai abubuwan da aka togace, kuma a nan na fi daɗewa. Kowace takarda ta togace ɓarnar ganganci, wanda daidai ne, ba wanda zai yi wa mai niyyar cuta inshora. Abin dubawa shi ne gangancin wa. Idan an rubuta "ganganci daga kowane mai inshora", kuma ma'aikata suna cikin masu inshorar, to dukan da mai gadi ya yi wa baƙo zai iya kore kamfanin ma daga kariya, alhali kamfanin bai yi niyyar komai ba. Maganinsa sharaɗin da ke cewa a ɗauki kowane mai inshora kamar shi kaɗai aka rubuta wa takardar, laifin ɗaya ba ya shafar haƙƙin ɗaya. Sannan a duba ko akwai togaciya ta daban kan duka da cin zarafi, domin idan tana nan ta rinjayi wancan sharaɗin. Masu makaranta, gidan kula da yara ko tsofaffi, da kamfanonin gadi, wannan layin ya kamata su fara nema kafin komai.

Togaciya ta biyu ta shafi dukiyar da ke hannunka ko ƙarƙashin kulawarka. Idan an ba ka makullin gini ka shiga da dare, kamfanin inshora yana iya cewa ginin gaba ɗaya a hannunka yake, don haka ba dukiyar "wani" ba ce a ma'anarsu. Muka sa aka rubuta cewa ginin da muke aiki a ciki na ɗan lokaci, da kayan da ke cikinsa, suna cikin kariya, aka kuma ƙara kuɗin canza makullai idan ma'aikaci ya ɓatar da babban makulli. Abin da ba mu iya cirewa ba shi ne ainihin ɓangaren da ake aiki a kansa. Idan mai famfo ya haɗa bututu ba daidai ba, ɓarnar da ruwan ya yi za a biya, sake haɗa bututun kuwa namu ne. Inshorar alhaki ba garantin ingancin aiki ba ce.

Ta uku ita ce alhakin da ka ɗauko wa kanka da sa hannu. Manyan abokan ciniki sukan sa a kwangila cewa za ka biya duk asarar da ta taso daga aikin, ko laifin wa ne, da tarar kowace rana ta jinkiri. Inshora tana biyan abin da doka za ta ɗora maka ko da babu kwangilar. Abin da ka ƙara da alƙalaminka sai in ta amince a rubuce. Na kai wa dillali manyan kwangilolinmu 5, biyu daga ciki sai da muka koma muka sake tattauna sakin layin. Akwai kuma sharaɗin walda: takardar izini kafin a kunna wuta, a kwashe abin da ke ci, na'urar kashe gobara a kusa, mutum ya tsaya gadi minti 60 bayan an gama. Sharaɗin ya hau kan duk wanda ya yi walda da sunanmu, har ɗan kwangila. Wanda ya zaɓi takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, maimakon inshorar da aka saba, irin waɗannan sharuɗɗa zai tarar, kuma haka zai karanta su.

Game da ɗan kwangila mai zaman kansa, asalin doka shi ne ba ka ɗaukar laifinsa. Kada wannan ya kwantar maka da hankali. Sunanka ne a kwangilar abokin ciniki, kai za a fara kai ƙara, kuma kuɗin lauyan da zai nuna ba laifinka ba ne ma kuɗi ne. Ban da haka akwai nauyin da doka ba ta yarda ka sauke wa wani ba, kamar aiki mai tsananin haɗari, ga kuma tuhumar cewa ka zaɓi wanda bai iya ba. Takardarmu ta yarda ta kare mu daga ɓarnar 'yan kwangila bisa sharaɗi ɗaya: mu tabbatar kowannensu yana da tasa inshorar mai iyakar biya daidai da tamu, kafin ya fara aiki, kuma mu ajiye shaida.

Satifiket kaɗai bai isa shaida ba. Shafi ɗaya ne da ke cewa an yi inshora ranar kaza. Ba ya faɗin ko an soke ta bayan wata biyu saboda rashin biya, ba ya kuma nuna abin da aka togace. Daga kowane ɗan kwangila na karɓi satifiket, da jadawalin takardar, wato shafin da ke ɗauke da ranaku da iyakokin biya, da shafin togaciya, sannan na aika wa dillalinsa imel ya tabbatar tana raye. Cikin huɗun, ɗaya tasa ta ƙare wata 3 da suka wuce bai sani ba, wani kuma mai gyaran rufi ne amma takardarsa ta togace aiki sama da mita 10. Muka sa kowanne ya sanya sunan kamfaninmu a takardarsa a matsayin wanda ita ma take karewa kan aikin da yake yi mana, da sharaɗin cewa tasa ce za ta fara biya. Muka rubuta a kwangila cewa ba zai miƙa aikin ga wani ba sai da izininmu. Ranakun ƙarewar takardunsu na sa su a kalanda da tunatarwa kwana 30 kafin lokaci, kuma ofishin kuɗi ba ya biyan wanda takardarsa ta ƙare.

Iyakar biya iri biyu ce: ta kowane haɗari, da ta jimillar shekara. Mu ƙaddara ta haɗari ɗaya 100 ce, ta shekara 200. Haɗari biyu manya suka ƙare ta, na uku ba shi da komai. Sai a tambaya ko kuɗin lauyoyi a cikin iyakar yake ko a wajenta. In a ciki yake, shari'ar da ta ci 30 ta bar 70 kacal na diyya. Mun zaɓi a waje, muka ɗora wata takarda a sama wadda ke farawa daga inda ta ƙasa ta tsaya. Irin wannan ta sama takan fi ta ƙasa araha nesa ba kusa ba, domin ba kasafai ake kaiwa gare ta ba. Wajen zaɓen iyaka ban dubi girman kamfaninmu ba, na dubi gini mafi tsada da muke shiga da yawan mutanen da ke cikinsa.

Akwai kuma batun lokaci. Ta alhakin jama'a da muka saya tana bin ranar da ɓarna ta faru, ko da bayan shekara 4 aka kawo ƙara. Ta shawarar ƙwararru kuwa tana bin ranar da aka kawo ƙorafi: dole tana raye a ranar, kuma kuskuren ya faru bayan ranar farawa da aka rubuta a jadawali. Wanda ya sauya kamfanin inshora bai riƙe tsohuwar ranar farawarsa ba ya zubar da kariyar duk shekarun baya. Wanda zai rufe kasuwanci kuma sai ya sayi ƙarin wa'adin kai rahoto, domin kuskuren tsohon ma'aikaci yana iya fitowa bayan an kulle shago.

A wata na 7 aka gwada duk wannan. Yaron ɗan kwangilar famfo ya canza mahaɗin bututu a hawa na huɗu na wani ginin ofisoshi, da yammacin ranar aiki ta ƙarshe a mako. Ba a yi gwajin matsin ruwa ba, aka buɗe babban bawul, kowa ya tafi. Mahaɗin ya saki cikin dare, ruwa ya kwana biyu yana zuba, ya ratsa silin har hawa na biyu, ya jiƙa kwamfutoci da takardun wani ɗan haya, ya shiga akwatin lantarkin na'urar hawa bene.

Abin da muka yi a awannin farko shi ya ɗauki sauran. An rufe bawul, an yanke wuta, an kawo injin zuƙe ruwa, domin takardar ta wajabta mana rage ɓarna. Aka ɗauki hotuna masu kwanan wata kafin a motsa komai. Mahaɗin da ya saki aka cire shi, aka sa a leda, aka rubuta wanda ya cire da lokacin. Yaron, da maigidansa, da mai duba aikinmu, kowa ya rubuta abin da ya gani a ranar, a ɗaki daban. Na sanar da dillali da kamfanin inshora a rubuce cikin awa 24, na sa ɗan kwangilar ya sanar da nasa. Abu mafi wuya shi ne riƙe baki. Manajan ginin yana tsaye cikin ruwa yana tambaya wa zai biya, kuma zuciya tana son ta ce mu ne. Takardar ta hana amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da izininsu ba, kuma saɓa wannan yana iya sa su janye. Abin da na ce masa shi ne, "Ranka ya daɗe, mun yi baƙin cikin wannan ƙwarai. Ga mutanenmu suna kwashe ruwan, mun sanar da inshora, ga lambar fayil da sunan wanda zai kira ka." Jaje da taimako ba su saɓa sharaɗin ba.

Mai tantance asara ya zo a rana ta 4. A rana ta 9 wasiƙa ta iso cewa kamfanin inshora zai ci gaba da bincike amma bai riga ya amince zai biya ba. Irin wannan wasiƙa takan firgita mutane su ɗauka an ƙi su. Tambayoyi ne take ɗauke da su, kuma da takardu ake amsa su. Nasu biyu ne. Shin mun duba inshorar ɗan kwangilar kafin ya fara? Fayil ya amsa: satifiket, jadawali, da imel ɗin dillalinsa mai kwanan wata. Shin yaron a ƙarƙashin umarnin wa yake lokacin? Nan abin ya cakuɗe, domin bayanan da aka rubuta a ranar sun nuna mai duba aikinmu ne ya ce a buɗe bawul don a sallami masu gini, bai nemi ganin gwajin ba. Yaron ya yi sakacin haɗi, namu ya yi sakacin umarni. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta gamu da makamancin wannan a 2005, inda yaron wani mai haɗa bututun iska ya rarrafa ta cikin bututun, ya fasa na'urar yayyafin kashe gobara, masana'anta ta cika da ruwa, aka raba alhakin yaron daidai tsakanin kamfanoni biyu da ke da ikon ba shi umarni. Da mun sayi takardar da ta taƙaita ma'anar ma'aikaci, da kan wannan tambayar za a kwana.

Ga yadda lissafin ya kasance idan aka ɗauki abin da masu mallakar ginin da ɗan haya suka nema a matsayin 100. Mai tantancewa ya sauko da shi 81, akasari saboda kwamfutocin tsofaffi ne, kuma diyyar alhaki darajar abu a ranar da ya lalace take biya, ba kuɗin sabo ba. Asarar cinikin ɗan haya ta kwanakin da ofis ke rufe ta shiga, tunda daga lalacewar dukiya ta taso. Cikin 81 ɗin, 4 na sake aikin bututun ne, wanda aka togace, ɗan kwangilar ya sake shi da kuɗinsa. Wasu 7 kason farko ne da ke wuyanmu a kowane haɗari, wanda a takardarmu ya ninka idan ɓarnar ruwa ce, abin da na gani a jadawali tun farko na kuma amince da shi. Kamfanin inshora ya biya 70, wata 5 bayan faruwar abin. Tarar jinkiri da ke cikin kwangilar ginin ba ta shiga ba, mu muka biya.

Bayan ya biya, kamfanin inshorarmu ya tsaya a matsayinmu ya bi na ɗan kwangilar. Wannan haƙƙinsa ne, kuma kada ka yafe wa kowa bashin ɓarna ba da saninsa ba, don kana iya yafe abin da ba naka ba. Na tambaya ko zai bi mai duba aikinmu da kansa. A 1957 wani kamfanin inshora a Ingila ya yi hakan ga direban da ya yi baya da mota ya buge mahaifinsa, wanda abokin aikinsa ne, kuma kamfanin ya ci shari'ar. Daga baya kamfanonin inshorar can suka yi yarjejeniyar daina bin ma'aikata sai in akwai ganganci ko haɗin baki. Tamu takardar ta lissafa ma'aikata cikin waɗanda take karewa, don haka ba wanda ya taɓa shi. Kamfanonin biyu suka raba asarar biyu, rabin kason farkonmu ya dawo bayan wata 14.

A ƙarshen shekara aka zo daidaita lissafi, domin abin da muka biya tun farko a kan ƙiyasin albashi da ciniki ne. Mai binciken ya nemi littafin albashi da jerin duk wanda muka biya kuɗin aiki. Wani mai fenti da muka kira sau 3 a gaggauce ba shi da takardar inshora a fayil, sai aka lissafa kuɗinsa a matsayin albashin ma'aikacinmu, aka caje mu a kai da farashin masu aikin hannu. Wajen sabuntawa kamfanin ya ƙara kuɗi, ya kuma sa sabon sharaɗi: kowane aikin famfo sai an cike takardar gwajin matsin ruwa mai sa hannun mutum biyu, wanda ya haɗa da wanda ya duba, kuma ba a buɗe babban bawul cikin awa 2 na ƙarshe kafin a kulle gini sai in wani zai tsaya. Da na sake fito da jerin farko don cike sabon fom, rukunan sun zama tara, saboda a tsakiyar shekara mun fara karɓar masu gyara ta wata manhajar waya da ke haɗa masu sana'a da masu aiki, ba wanda ya gaya wa dillali. Na aika masa a ranar, aka ƙara su cikin ma'anar ma'aikaci kafin a sa hannu.